Wasan Bidiyo da Zafin Rai a Tsakanin Samarin Ƙasar Malumfashi

Tun da wayar hannu ta yawaita, aka kuma buɗe ɗakunan nan da samari ke kira gidan gem a kusan kowane gari mai ɗan girma, wata magana ta shiga bakin iyaye da malamai a ƙasar Malumfashi da Funtuwa, watau cewa wasan bidiyo shi ne ya ke ɓata samari, ya sa su zafin rai da saurin ɗaga hannu. Masu faɗin haka suna da abin nuni, gama kowa ya zauna kusa da irin waɗannan ɗakuna ya san a kan ji ihu da ashar daga cikinsu, wani lokaci har a fito waje a cakumi juna. To, amma malamin da zai tsaya gaban ɗalibai a kwalejin horon malamai ya koya musu halin yaro da saurayi, ba ya kamata ya ɗauki maganar bakin titi ya mai da ita darasi ba tare da ya auna ta ba. Ɗalibansa su ne gobe za su hukunta yara a makaranta, su ne kuma hukuma za ta nemi shawararsu in ana so a rufe wani wuri ko a bar shi. Haka kuma ƙasar da mu ke magana a kanta ta sha zubar da jini na gaske cikin shekarun nan, saboda haka ɗora laifi a inda ba ya zaune yana da tsada a wurinta fiye da a wani wuri.

Kafin a shiga bincike sai a fara gyara kalmomi, don a nan ne yawancin ruɗanin ya ke farawa. Masu nazarin halin ɗan Adam a Turai da Amurka suna da kalma guda wadda su ke haɗa abubuwa da yawa a cikinta, tun daga harara da baƙar magana har zuwa duka, muddin dai an yi nufin cutar da wani. Hausa kuwa ta rarrabe su. Fushi abu ne na zuciya, yana zuwa ya wuce, har mutumin kirki ma yana yinsa. Zafin rai hali ne, watau saurin hawan fushin. Faɗa shi ne fushin ya fita zuwa baki ko hannu, kuma da mutum biyu a ke yinsa. Cin zali kuwa na mai ƙarfi ne a kan maras ƙarfi, sau da yawa ma ba fushi a cikinsa ko kaɗan. Sa'an nan akwai sara da suka da kisan kai, waɗanda su ke sha'anin alƙali. In mai fassara ya ɗauko rahoton da ya ce wasa yana ƙara wa yaro ɗan abin da ke matakin farko, ya juya shi da kalmar da ke matakin ƙarshe, to, ya faɗi abin da masu binciken ba su faɗa ba. Wannan kuskure ya yi yawa a rediyo da wa'azin zaure.

Lokacin saurayi a ƙasar noma

Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, tana cikin yankin da ya fi kowane yanki na Jihar Katsina samun ruwan sama, tare da Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Danja da Dandume. Auduga ce ta fara ɗaga sunan ƙasar a zamanin Turawa, musamman bayan da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, aka gama shi a 1929. Daga baya, shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara, masara ta bunƙasa har ta zama abin sayarwa. Wanda ya karanta littafin Paul Clough na 2014, wanda ya gina a kan zamansa a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1970, zai ga yadda noma da fataucin hatsi da bashi tsakanin 'yan uwa suka sarƙe da juna a wannan ƙasa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda shekara ta ke raba lokacin saurayi. Daga saukar damina zuwa girbi ba shi da sararin kansa: shuka, noma, maimai, huɗa, zuba taki, in kuma yana cikin gandun ubansa sai ya ƙara da gayaunarsa da yamma. Da an kai amfani gida sai abu biyu su zo masa tare, kuɗi a aljihu da yini wanda ba aiki. Mutanen dā sun san hatsarin wannan haɗuwa, shi ya sa kaka ta zama lokacin dambe da kokawa da kalankuwa da bukukuwan aure, wasu kuma su ɗauki jaka su tafi cin rani. Dandali yana da sarkin samari, wasa yana da idon manya a kansa ko daga nesa ne. Yanzu filin dandalin ya zama gidaje ko shaguna, taron dare a ƙauyuka da dama ya zama abin tsoro, ga kuma ɗimbin samari waɗanda suka gama sakandare, ba su koma gandu sosai ba, ba su kuwa sami aikin albashi ba. Wannan fegi da ya buɗe shi ne gidan kallon ƙwallo da gidan gem da wayar hannu suka shiga. Wasan bai haifi zaman banzan ba, iske shi ya yi.

Yadda a ke wasan kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Na farko shi ne na shago: talabijin biyu ko uku, na'urar PlayStation, benci, da janareta yana ruri a waje. A nan wasan ƙwallon ƙafa shi ne sarki, watau FIFA da PES, waɗanda masu su suka sake musu suna daga baya, sai kuma na dambace-dambace irin su Mortal Kombat, wanda ya fara fitowa tun 1992. A kan biya kuɗi ne bisa kowane karo, kuma al'adar da ta bazu a irin waɗannan wurare ita ce wanda aka ci shi ne zai biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Na biyu shi ne na waya, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, waɗanda suka fito tsakanin 2017 da 2019. A cikinsu a kan jefa 'yan wasa da yawa a fili guda ta intanet, kowa ya nemi bindiga, a yi ta harbi har a bar mutum guda ko ƙungiya guda. Wannan na biyu shi ne mai jinin, amma saurayi shi kaɗai ya ke yinsa a ɗaki, abokin gabarsa yana wata ƙasa. Na farkon, wanda yawancinsa ƙwallo ce kawai, shi ne a ke jin rigima a ƙofarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu koma kansa.

Abin da bincike ya nuna

Asalin tsoron ya girmi wasan bidiyo. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna wa ƙananan yara wani babba yana dukan 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai da yawansu suka kwaikwaye shi. Daga nan ra'ayin ya kafu cewa abin da ido ya gani hannu yana koyo. Sa'ad da wasu ɗalibai biyu suka harbe 'yan makarantarsu a Columbine ta Amurka a 1999, aka kuma ji suna son wasannin harbi, sai kuɗin bincike ya kwarara zuwa wannan fage. A 2010 Craig Anderson da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike-binciken da suka ƙunshi mutum fiye da 130,000, suka ce lalle wasanni masu zubar da jini suna ƙara tunanin faɗa da halin faɗa, suna kuma rage tausayi. Wasu masana, musamman Christopher Ferguson, suka ƙi yarda, suka ce an zaɓi binciken da ya dace da ra'ayi, kuma mujallu sun fi son buga sakamakon da ya sami wani abu a kan wanda bai sami kome ba.

Ya kamata malami ya san yadda a ke auna faɗan a ɗakin gwaji, gama ba a iya barin mutane su doki juna don ilmi. Hanya guda ita ce a sa mutum ya yi wasa na mintoci kaɗan, sa'an nan a ba shi dama ya aika wa abokin karawarsa ƙara mai ɓata kunne, a duba ƙarfin da ya zaɓa. Wata hanyar ita ce a ce ya zuba wa wani miyar barkono, bayan an gaya masa wancan ba ya son yaji, a auna yawan abin da ya zuba. Bahaushen da ya tashi da yajin tsire zai yi murmushi in ya ji wannan ma'auni, kuma yana da gaskiya, don tsakanin ƙara cokalin barkono da zare wuƙa akwai tafiya mai nisa.

Binciken da ya fi nauyi shi ne wanda ya bi yara wata da watanni ko shekaru. A 2018 Prescott da Sargent da Hull suka haɗa irin wannan bincike guda 24, na yara da matasa fiye da 17,000, suka sami dangantaka tsakanin wasa mai jini da yawan faɗan hannu daga baya, amma 'yar ƙarama: in an ɗauki dukan bambancin da ke tsakanin yaran wajen faɗa, abin da wasan ya ke iya bayyanawa wajen kashi 1 ne cikin 100. A 2019 Andrew Przybylski da Netta Weinstein suka tambayi matasa 1,004 na Birtaniya masu shekara 14 da 15, suka tambayi iyayensu kuma, bayan sun rubuta tun da fari yadda za su yi lissafin don kada su karkata shi, ba su sami dangantaka ba. A Jamus kuma, Simone Kühn da abokan aikinta suka ɗauki manya 90, suka kasa su uku: kashi guda ya yi Grand Theft Auto V kullum har wata biyu, kashi guda ya yi wani wasa maras faɗa, na uku bai yi kome ba. Da aka auna su bayan haka ba a ga wani canji na a zo a gani ba. An buga wannan a 2018, kuma ya fi sauran kusa da batunmu, da ya ke manya aka gwada, ba yara ba.

Ƙungiyar masana halin ɗan Adam ta Amurka ta tsaya a tsakiya. A 2015 ta ce akwai dangantaka da ƙananan halayen faɗa, amma babu isasshiyar shaida a kan aikata manyan laifuffuka. A 2020 ta sake jaddada cewa danganta kashe-kashe ga wasan bidiyo ba shi da tushe a ilmi, yana kuma kau da hankali daga dalilan da aka tabbatar. Kotun Ƙolin Amurka ma, a 2011, ta soke dokar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, tana mai cewa shaidar da aka kawo ba ta nuna wasan ne sanadi ba. Akwai kuma abin da kowa zai iya dubawa: Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa wasan bidiyo, suna kuma cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci, a Amurka laifuffukan matasa sun yi ƙasa ƙwarai daga tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da wasannin ke shiga kowane gida. Wannan bai wanke wasan sarai ba, amma ya nuna in yana da tasiri, wasu abubuwa sun rinjaye shi nesa ba kusa ba.

Yawan yi, da kaye, da caca

To, in jinin da ke cikin allo ba shi ne babban mai laifi ba, ina rigimar ƙofar shago ta fito? A ganina a nan ne binciken ya fi amfani gare mu, ko da ya ke shi ne ba a cika ambata ba.

Paul Adachi da Teena Willoughby na Kanada sun gwada a 2011, suka ware jini daban, gasa daban. Suka iske wasa mai zafin gasa yana tada halin faɗa ko da babu ɗigon jini a cikinsa, wasa mai jini kuwa wanda ba gasa bai yi haka ba. A 2014 Przybylski da wasu suka nuna cewa abin da ke hasala ɗan wasa shi ne a hana shi jin ya iya, watau ya yi ta faɗuwa, ko madannin ya ƙi bin hannunsa. Sai mai karatu ya ɗora wannan a kan gidan gem na garinmu. Saurayi ya zauna gaban tsaransa goma, an zura masa ƙwallo biyar, ana yi masa ature, shi ne zai biya kuɗin karon, watakila kuma an ɗaura 'yan kuɗi a gefe. Ana cikin haka wuta ta ɗauke ko man janareta ya ƙare a daidai sa'ad da ya ke shirin ramawa, a shiga gardamar wa zai biya. Kunya a bainar jama'a, da hasarar kuɗi, da zargin an yi maguɗi, waɗannan su ne tsofaffin iyayen faɗa a ƙasar Hausa, kuma da su a ke faɗa a kan dara da karta da ludo tun ba a san lantarki ba. Malaman dā da suka tsananta a kan caca sun san abin da su ke gudu. Yau kuma cacar ta sami sabuwar ƙofa, gama shagunan yin fare a kan ƙwallon Turai sun bazu, har Hisbar Kano ta rufe da dama daga cikinsu a 2024. Cikin wasannin waya ma akwai akwatunan sa'a da a ke saya da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda hukumar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ce.

Sa'an nan ga yawan yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka a 2019, kundin ya fara aiki a farkon 2022. Ba yawan sa'o'i ta sa ma'auni ba. Alamu uku ta ambata: mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, wasan ya hau kan sauran al'amuransa na yau da kullum, ya kuma ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da ya ke jawo masa, kuma a ga haka ya ɗore kamar wata 12, har ya taɓa karatunsa ko sana'arsa ko zamansa da iyali. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da dama ta nuna masu wannan hali ba su cika wuce 2 ko 3 cikin 100 ba. A Holan, Jeroen Lemmens da abokan aikinsa sun bi matasa na wata shida, suka buga a 2011 cewa samarin da wasa ya zame musu jaraba sun ƙara yawan faɗan hannu, ko wasan mai jini ne ko ba mai jini ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya kwana yana danna waya ya tashi da jajayen idanu, barcin da bai yi ba ya rage masa haƙuri, ya makara zuwa gona ko shago, uba ya yi faɗa, kuɗin data ya ci abin da aka aike shi da shi, ƙane ya taɓa wayar ya sha mari. Fushinsa ya fi sauka a kan wanda ya katse masa wasan, watau mutanen gidansu.

Har wa yau sai a kula da inda kibiyar ta nufa. Yaron da tun asali ya ke da zafin rai, ko wanda gida ya yi masa ƙunci, ya fi wani neman wasan faɗa, ya fi kuma daɗewa a kansa. In aka zo aka iske shi da halin biyu tare, sai a ce wannan ne ya haifi wancan, alhali watakila uwa guda ta haife su.

Darasin dambe

Mai nazarin Hausa yana da abin da zai ƙara a wannan muhawara wanda masanan Turai ba su da shi. Hausawa sun daɗe da wasan da kalmominsa na yaƙi ne. A dambe, in ɗan wasa ya kai abokinsa ƙasa, cewa a ke yi ya kashe shi. Ana naɗe hannu da zare, ana kirari mai ban tsoro, makaɗa suna zuga, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago har sunansu ya zama abin tarihi. Duka na gaske ne, jini na gaske ne, yara kuma suna kallo. Duk da haka ba a ɗauki ɗan kallon dambe a kan mai shirin kisan kai ba. Abin da ya tsare wasan shi ne shingen da aka kewaye shi da shi: yana da lokacinsa, yana da fili, ana haɗa tsara da tsara, akwai masu rabawa, turmi yana da iyaka, wanda aka kashe kuma ya tashi a yi hannu. Shaɗin Fulani ma haka ya ke, jarrabawar haƙuri ce a gaban manya. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa haƙuri da kunya da hankali cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma fagen wasa yana cikin wuraren da a ke koyonsu.

Wasan waya ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan shinge. Ba shi da kaka balle rani, ba ya tashi don magariba ta yi, masu ƙera shi kuma da gangan suka tsara shi yadda ƙarshen karo zai zama farkon wani, da kyautar kullum ga wanda bai yi fashi ba. Gidan gem kuwa mai shagon ne kaɗai babba a ciki, shi ma sau da yawa saurayi ne, kuma ribarsa tana cikin a daɗe. Amma kada a zarce a ce dambe yana fitar da fushi ne shi ya sa ya ke da amfani. Wannan ra'ayi na cewa huce haushi a kan wani abu yana rage shi, gwajin Brad Bushman na 2002 ya nuna akasinsa, gama waɗanda aka sa suka doki buhun naushi suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fito da fushi fiye da waɗanda suka zauna shiru. Saurayin da ya ce yana harbi a waya don ya huce, ba lalle ne ya huce ba.

Wani bincike da aka yi a wannan ƙasa tamu ya cancanci malamai su san shi. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan karkarar Malumfashi tun wajen 1970, ya buga maƙala a 2000 a kan yara da duka. Ya nuna cewa Maguzawan ba su yarda a doki 'ya'yansu ba, alhali a garuruwa an ɗauki bulala wani sashe na tarbiyya a gida da makaranta, ya kuma bi dalilan tattalin arziki da na zamantakewa da suka kawo bambancin. Ko mutum ya yarda da fassararsa ko bai yarda ba, tambayar da ya tayar tana nan: a ina yaro ya fara koyon cewa mai ƙarfi yana biyan bukatarsa da hannu? Bandura da kansa, wanda a ke kafa hujja da shi a kan allo, babban mutum mai rai ya fara nuna wa yaran.

Ba kuwa za a yi maganar faɗa a kudancin Katsina a tsallake abin da ya fi kome girma ba. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi kanta. Tsakanin waɗannan akwai ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da aka tasa, da gonakin da aka bari, da iyalan da suka sayar da abin hannunsu don biyan fansa. Wannan masifa tushenta yana cikin rikicin ƙasa da kiwo, da satar shanu, da yawan bindigogi, da rashin hukunci, da ramuwar gayya. Saurayin da ya ga gawar maƙwabcinsa, ko ya kwana a kan rufin ɗaki yana gadi, yana ɗauke da abin da zai sa shi firgita da saurin fushi ko bai taɓa riƙe waya ba. Ga kuma ƙwaya: binciken da aka yi a 2018 da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da su cikin shekara guda, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ƙaurayen Katsina da 'yan dabar Kano sun riga PlayStation zuwa, kuma a zamaninsu finafinan Indiya da na Sin aka ɗora wa laifi.

Game da hani kuwa, ƙasashen da suka gwada shi sun ba da darasi iri biyu. Koriya ta Kudu ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa asuba a 2011, ta soke dokar bayan shekara goma. Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 zuwa sa'a guda a ranakun Jumma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Duka biyun yara suka shafa, saurayi mai shekara 22 kuwa ba mai ƙwace masa waya. Rufe gidan gem a gari kamar Malumfashi zai kore wasan ne daga inda a ke ganinsa zuwa ɗaki inda ba mai gani. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a mayar masa da irin shingen dambe: lokacin tashi, hana ɗaura kuɗi, raba yara da manya, da sa mai shago ya amsa tambaya gaban mai unguwa. Malami kuma in ya ga ɗalibi ya canza, tambayar wane wasa ya ke yi ba ta kai tambayar ƙarfe nawa ya kwanta ba, da abin da ya bari don wasan, da inda kuɗin ke fitowa, da abin da ya faru a ƙauyensu.

Malumfashi ta taɓa zama wurin da aka bi gida gida ana ƙidaya, sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi aikin binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji a shekarun 1970. Irin wannan aiki ɗaliban sashen Hausa za su iya yi da littafi da fensir: su zauna a gidan gem da kaka, su sake zama da damina, su rubuta kowace rigima da abin da ya tada ita, da kalmomin da aka yi amfani da su, su kwatanta da na wurin dara da na gidan kallon ƙwallo. Akwai ma wani lokaci da ya dace a tambayi samari a kansa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori, ba a maido su ba sai a Disamba. Wata uku ke nan wasan intanet ya tsaya cik a ƙasar, na shago kuwa yana nan, kuma waɗanda suka ga wannan lokaci suna da shekara 18 har yanzu samari ne, ana iya samunsu a tasha da kasuwa a tambaye su inda suka kai dararensu.